Facin da Na Yi a Shagon Manja

Mahaifina soja ne, shi ya sa na yi ƙuruciyata daga wannan bariki zuwa wancan. Hausa muke yi da yaran maƙwabta, Turanci a aji, shi kuwa C'lela, harshen iyayena da Hausawa ke kira Dakarci, sai in za a yi mini faɗa ko za a aike ni nake jin sa. Na iya shi daidai gaisuwa da neman abinci. Da Baba ya yi ritaya suka koma ƙauyenmu Manga da Mama, ni kuma na samu aikin koyarwa a wata firamare a cikin Zuru, inda na shafe sama da shekara talatin ina fama da alli.

Bayan rasuwar Baba na mayar da kowace Asabar ranar zuwa Manga. Wata rana Mama ta ce wa wata jikarta ta ɗauko mata wani abu a gindin rumbu, ta kira sunansa da C'lela. Yarinyar ta dube ni. Ni ma ban san abin ba. Mama ta dafa gwiwa ta miƙe ta ɗauko da kanta, ashe wani ɗan itace ne da ake tokare murfin rumbu da shi. A kan kabu-kabu a hanyar komawa gida na yi ta jin kunyar abin, kuma tun daga wannan makon na fara zuwa da littafi da biro.

Daga baya aka yi wata bita a coci kan yadda ake rubuta harshenmu. Da malamin bitar ya ga littattafaina guda huɗu cike da kalmomi, sai ya ba ni wata tsohuwar laftof da ya daina amfani da ita. Ya sa mini manhajar haɗa ƙamus a ciki, ya nuna mini inda ake rubuta kalma, inda ake sa ma'anarta da Hausa, da inda ake ajiye muryar wanda ya faɗe ta. Ya ce tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ba irin wanda aka saba gani a ofisoshi ba ne, ya zaɓe shi ne don ba ya yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Na ce to, ban dai gane ba. Ba a jima ba aka yi masa canjin wurin aiki, lambarsa ma ta daina shiga.

Shekara biyu na yi ina wannan aiki. Mama tana ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale, ni ina gefe da waya ina ɗaukar muryarta. Sunayen dawa iri-iri, sunayen duwatsu, kalmomin da samari ke yi wa juna kirari da su a gonar golmo, inda saurayi ke yi wa surukansa noma. Wani lokaci takan tsaya a tsakiyar magana ta ce, “Wannan kalmar tun da kakarki ta mutu ban ƙara jin ta a bakin kowa ba.” Idanunta sun riga sun yi rauni, ƙafa ma ta fara ƙi, kuma duk da ba mu taɓa faɗa ba, mu biyun mun san dalilin da ya sa ba na fashin Asabar.

A cikin damina, wata ranar Talata, ina ofishin malamai na haɗa kwamfutar da intanet, sai wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko ina so a sabunta manhajoji. Na ga sabo ai ya fi tsoho, na danna e. Da na koma gida na buɗe ƙamus, ya buɗe, na taɓa kalmar farko, sai ya rufe kansa. Na sake buɗewa, ya sake rufewa. Na gwada har na gane cewa duk kalmar da ke da wasali mai layi a ƙarƙashinsa ita ke kashe shi. A rubutun C'lela kuwa da wuya ka yi layi guda ba ka ci karo da irin wannan wasali ba.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a kusa da tasha. Mutumin kirki ne, ya sha gyara mini waya. Ya juya ta, ya danna nan ya danna can, ya ce, “Malama, wagga na'ura sai dai a goge ta duka a zuba mata irin wanda kowa ya sani.”

Na ce, “Kalmomin fa?”

Ya ce zai yi ƙoƙari ya kwashe abin da ya kwasu, amma ba zai yi mini alkawari ba. Na yi masa godiya, na mayar da kwamfutata cikin jaka.

A cikin takardun bitar na samo adireshin imel na wani zaure inda masu amfani da manhajar ke taimakon juna. Na zauna na rubuta musu bayani da Turancina na malamar firamare, na ba da haƙuri sau uku a cikin wasiƙar saboda rashin sanina. Bayan kwana biyu wani mutum da ban sani ba, ban kuma san ƙasar da yake ba, ya amsa. Ya ce sun gano matsalar, kalmomina suna nan ba abin da ya same su, gyaran zai fito a sabon zubi amma sai bayan wasu watanni. In ba zan iya jira ba, ga wani ɗan fayil ya haɗo, faci ne, in sa shi da kaina. A ƙasa ya jera layi huɗu na umarni, ya ce in buga su a taminal.

Faci dai na san shi a wurin masu gyaran taya. Taminal kuwa ban taɓa jin sa ba. Kunya ta hana ni sake tambaya, don mutumin ya rubuta abin kamar yana cewa in ɗebo ruwa a randa. Na buɗe wurin da nake buga jarrabawar yara, na kwafe layukan nan huɗu da kyau, na zauna ina jira. Ba abin da ya faru. Na ƙara musu girma, na mayar da haruffan masu kauri. Yanzu in na tuna ina dariya, amma ran nan hawaye na yi. Asabar ta zo na je Manga hannu rabbana, Mama ta tambaye ni ina akwatin maganar, na ce mata yana hutawa.

Ran Litinin na sa aka buga mini wasiƙar a takarda, da niyyar in nuna wa duk wanda Allah ya haɗa ni da shi. Bayan an tashi makaranta na biya kasuwa sayen manja wurin wata mata 'yar ƙabilar Ibo da kowa ke kira Madam. Na fi shekara goma ina sayen manja da agushi da busasshen kifi a wurinta. Hirarmu ba ta wuce gaisuwa, da tambayar jikin mijinta, wanda na san yana kwance a gida da shanyewar ɓarin jiki. Ina laluben jaka sai takardar ta faɗo kan teburinta. Ta ɗauka da yatsu biyu za ta miƙo mini, sai idonta ya tsaya a kai.

Ta ce, “Malama, wa ya ba ki wannan?”

Na ba ta labari a gajarce, ina sa ran ta ce Allah ya kyauta. Ta sake karanta layukan, leɓenta na motsi.

“Kwamfutar tana ina?”

“Ga ta a jaka.”

“Akwai caji?”

Na ce akwai. Ta janye wani buhun garin rogo daga kan benci, ta share wurin da tsumma, ta ce in shigo in zauna. Na shiga ina ɗari-ɗari. Hausar Madam irin ta waɗanda suka koya da girma ce, wani lokaci ta ce mini kai, wani lokaci ke, amma ba ta taɓa barin mutum cikin duhu.

Na tura mata kwamfutar. Ta ɗaga hannuwanta ta nuna mini, duk manja ne har wuyan hannu. Ta ce, “Ke za ki buga. Ni baki kawai zan sa.”

Abin da ta fara tambaya shi ne ko kalmomin suna da kwafi a wani wuri. Na ce suna cikin littattafai, amma muryar Mama a nan kaɗai take. Ta girgiza kai ta ce ba za mu taɓa komai ba sai an kwafe. Ina da filashin makaranta a jikin makullaina. Ta sa na nemo foldar ƙamus, na kwafe ta a kai, sannan ta ce in buɗe fayil ɗaya daga cikin filashin don mu tabbata. Na danna, sai muryar Mama ta tashi a cikin shagon tana faɗar sunan wata irin dawa, tana tari, tana maimaitawa. Madam ta saurara har ta ƙare.

Ta ce, “Yanzu ko mun ɓata, ba mu yi asara ba. Cire filashin ki sa a jaka.”

Sannan ta nuna mini maɓallai uku da zan danna tare. Wata baƙar taga ta buɗe, ba hoto, ba komai, sai 'yan haruffa a sama da wani ɗan farin abu yana ƙiftawa. Ta ce wannan shi ne taminal.

“A nan kina yi wa kwamfuta magana baki da baki, ba ɗan aike. Abin da kika ce shi za ta yi, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa, ba ta kuma tambayar ko abin da kike nufi ke nan. Shi ya sa ba a gaggawa.”

Layin farko ya fara da haruffa biyu, cd. Ta ce ma'anarsa shiga ɗaki kaza. Na buga a hankali da yatsa ɗaya, na danna Enta. Kwamfutar ta amsa da layi guda na Turanci, wai babu wuri mai wannan suna. Na janye hannuna daga kwamfutar. Na ce, “Shi ke nan, na lalata.”

Madam ta ce, “Ba ki lalata komai ba. Ta gaya miki abin da ke damunta ne. Dubi takarda, dubi abin da kika rubuta.”

Na duba sau biyu ban ga bambanci ba. A na uku na gani: a takarda sunan ya fara da babban harafi, ni na sa ƙarami. Ni da na shekara talatin ina jan kunnen yara a kan babban baƙi da ƙarami. Na gyara, na danna. Wannan karon kwamfutar ba ta yi ƙorafi ba, sai dai rubutun da ke gefen ɗan farin abin ya ƙara tsawo. Madam ta ce alamar mun shiga ke nan. Ta sa na buga ls, wanda ba ya cikin takardar, ta ce shi kamar kunna fitila ne ka ga abin da ke cikin ɗakin kafin ka taɓa. Sunayen fayiloli suka jeru.

Nan wata mata ta zo sayen manja kwalba biyu, bayanta wani mai gidan abinci yana neman kifi. Madam ta tashi. Kafin ta juya ta nuna ni da yatsa ta ce kada in danna komai. Na zauna da hannuwa a cinya kamar 'yar aji ɗaya, ina kallon abin nan yana ƙiftawa, hadari kuma yana haɗuwa ta gabas.

Da ta dawo muka buga layi na biyu ba matsala, muka zo layi na uku, wanda shi ne na facin kansa. Ya fara da sudo. Ta ce wannan kalmar tana nufin kana magana da izinin mai gida, don haka za a nemi kalmar sirri, kuma duk layin da ya fara da ita a karanta shi sau biyu. Ta kuma sa na ƙara wata 'yar kalma a ƙarshen layin, ta ce da ita kwamfuta za ta gwada ne kawai, ta faɗi abin da zai faru ba tare da ta taɓa komai ba.

Aka nemi kalmar sirri. Madam ta kau da kai ta dubi titi. Na buga, ban ga komai ya fito ba, ko ɗigo. Na sake bugawa da ƙarfi. Na ce, “Madam, madannan sun mutu.”

Ta yi dariya har ta dafa tebur da gwiwar hannu. Ta ce ita ma ranar da ta fara haka ta ce wa malaminsu. Da gangan ake ɓoyewa, don na kusa da kai kada ya ƙirga haruffan. Da yake na buga sau biyu a haɗe, kwamfutar ta ƙi karɓa, na sake a natse, ta karɓa.

Gwajin bai yi kyau ba. Rubutu ya fito da yawa, a ƙarshe kwamfutar tana tambayar wane fayil ake so a gyara, don ita ba ta gan shi ba. Na dubi Madam, na ga fuskarta ta canja. Ta matso da kujera, ta karanta tun daga sama. Ta nuna mini yadda zan fita daga tambayar, sannan ta ce in buɗe fayil ɗin facin mu ga cikinsa. Ban san ana iya buɗe shi ba. Ashe rubutu ne kawai, bai fi rabin shafi ba, wasu layuka da alamar ragewa a gabansu, wasu da alamar tarawa. Ta ce masu ragewa su za a cire, masu tarawa su za a sa a madadinsu, facin ke nan gaba ɗaya. Ta bi layukan sama da ɗan yatsanta daga nesa, ba ta taɓa gilashin ba.

Aka fara ruwa. Ta tashi ta jawo buhunan da ke waje, na taya ta, muka dawo muka zauna, ƙarar kwano ta sa sai mun ɗaga murya. Ta ƙara minti biyar tana kallon rubutun.

Ta ce, “Na gani. Mutumin nan a kwamfutarsa foldar tana wani wuri, a taki tana wani. Mun shige ciki da yawa. Mu koma baya ɗaki ɗaya.”

Na buga cd da ɗigo biyu kamar yadda ta ce, na sake gwajin. Layi biyu kawai suka fito, kowanne da sunan fayil, ba ƙorafi. Ta ce in goge kalmar gwajin in buga na gaske. Na karanta layin sau biyu, na karanta na uku, na ce da sunan Allah, na danna. Layi biyun nan suka sake fitowa, ɗan farin abin ya koma yana ƙiftawa.

Na ce, “Sai me?”

“Shi ke nan.”

“Ba za ta ce an gama ba?”

“Ba ta yabo. In ta yi shiru, lafiya ke nan.”

Layi na huɗu na sake tayar da manhajar ne. Ƙamus ya buɗe. Na nemi kalmar ƙarshe da na shigar kafin abin ya faru, sunan wani ganye da ake sa wa mai jego a miya, mai wasali biyu masu layi a ƙasa. Na taɓa ta, ta buɗe, ta zauna. Na taɓa wata, na taɓa wata. Sai da na bi kusan ashirin kafin na yarda. Na kama hannunta da manjan da komai.

Ruwa bai tsaya ba, ba mai saye, sai muka zauna. Na tambaye ta inda ta san wannan abu. Ta ce ilimin kwamfuta ta karanta a can gida, ta kuma yi shekara huɗu tana kula da manyan kwamfutocin wani kamfani, irin waɗanda ba su da komai sai wannan baƙar taga. Aure ya kawo ta Zuru, da shirin in sun zauna za ta nemi aiki. Sai haihuwa, sai ciwon mijinta, shago kuma ba mai tsayawa. Ta ce rabon da ta ga taminal, ba a haifi babban ɗanta ba, yanzu kuwa yana shirin gama sakandare.

Ta dubi hannuwanta ta ce, “Akwai sabulu da ruwa a bayan ƙofa, da na so da na wanke. Tsoro na ji kada in zauna a gabanki in ga na manta. Kuma in ni na yi miki, gobe in ta sake lalacewa sai kin nemo ni.”

Na ce, “Amma ba ki manta ba.”

Ta ce, “Na manta da yawa. Wancan ƙorafin na biyu, na facin, ya kusa kayar da ni.”

Kafin in tafi ta ce lallai in rubuta wa mutumin nan in gaya masa ya yi aiki, in kuma faɗi wurin da muka maƙale da yadda muka fita, don akwai wani a wani gari da zai maƙale a nan, kunya ta hana shi tambaya. Na rubuta a daren. Ya amsa da godiya, ya gyara bayaninsa, ya ƙara layi biyu a sama yana faɗin yadda ake buɗe taminal.

Na yi wa shugabar makarantarmu maganar Madam, don muna da kwamfutoci a kulle ba mai koyarwa. Shugaba ta yarda, amma Madam ta ƙi. Ta ce da safe tana wanke mijinta ta ba shi abinci, da rana shago, ba inda za ta tsaga lokaci ta ba makaranta. Abin da ta yarda da shi shi ne Laraba bayan azahar, lokacin da kasuwa ke sanyi. Nakan zo da kwamfuta in zauna a kan bencin nan, ta koya mini yadda ake kwafe folda da umarni ɗaya, yadda ake neman fayil da ya ɓace, yadda ake karanta ƙorafin kwamfuta tun daga layin farko maimakon a firgita da yawansa. Daga baya wata malamar lissafi ta biyo ni, muka zama mu biyu. A Laraba ta uku Madam ta wanke hannu ta karɓi kwamfutar, ta ce bari ta ga wani abu. Yatsunta suka yi ta tuntuɓe na ɗan lokaci, sannan suka kama gudu, har mai sayen agushi ya yi sallama sau biyu ba ta ji ba.

Mijinta ya rasu da rani. Muka je gaisuwa da matan zumunta, aka kai gawarsa garinsu, ita ma bayan wata uku ta tattara yara ta koma can. Shagon yanzu kayan babur ake sayarwa a ciki.

Muna waya jefi-jefi. Kwanakin baya wata matsala ta taso wajen buga ƙamus a takarda, aka sake turo faci a zauren. Na yi kwafi, na yi gwaji, ya ƙi, na karanta ƙorafin na ga fayil ɗin ne ban ajiye inda ya kamata ba, na gyara, ya shiga. Na kira ta in gaya mata. Na same ta a cikin mota ana hayaniya, ta ce tana hanyar zuwa wata makarantar koyon sana'a da ke neman mai koyar da kwamfuta, yau za su gwada ta, tun jiya take bitar abubuwa a wayar ɗanta. Ta ce in sa ta a addu'a. Na ce zan sa, ta ce za ta kira ni in ta fito.